Gargaɗi ga masu ƙananan motoci: hattara da masu "obahol har gida"

Jama'a, masu Corolla da Civic da Golf da sauran ƙananan motoci, akwai wata damfara da ke yawo da sunan sauƙaƙa wa mutane, kuma gara ku san yadda take tafiya kafin ta ƙwanƙwasa muku ƙofa. Mutum zai tallata kansa a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp na unguwa, ya ce shi ƙwararren bakanike ne, ba sai ka kai motarka gareji ba. Shi zai zo har gida da kayan aikinsa, ya sauke inji, ya yi masa obahol, wato ya kwance shi gaba ɗaya ya canza kayan cikinsa da suka cinye, ya mayar, duk a kan idonka. Zai haɗa da bidiyon wani inji da aka wanke yana ƙyalli. Kuɗin aikin da zai yanka kuwa ƙasa yake sosai da abin da za a ce maka a gareji.

Tayin yana shiga rai saboda halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan an sake ta a watan Yuni, inji ɗan Beljiyam ya fi ƙarfin mutane da yawa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka nema, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Wanda a da zai ciro wani inji ya ɗora ya huta, yanzu gyaran na jikin motar yake nema. Ga kuma tsoron da kowa ke da shi na barin mota ta kwana a gareji a yi mata musanyen kaya. Da wannan tsoron suke kama mutane. "A gabanka za a yi komai, Alhaji," shi ne jarinsu.

Wani ɗan'uwanmu ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Corolla gare shi mai injin 1ZZ, mai lita 1.8, tana ɗan shan baƙin mai, da safe kuma takan yi hayaƙi shuɗi kafin ta ɗau zafi. Mutumin ya zo, ya tayar da ita, ya kara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya girgiza kai. "Alhaji, injin nan ya gama. Ringi ya mutu, metal ma ya fara tafiya. In ka ƙara mako guda a haka zai yi nokin." (Ringi su ne zobban da ke jikin fistin, metal kuma 'yan farantan ƙarfen da karanshaf, wato sandar da ke ƙasan inji, ke juyawa a kansu; nokin shi ne bugun da inji ke yi idan sun lalace.) Bai gwada komai ba. Ko fulogi ɗaya bai kwance ya duba ba.

Tun daga nan damfarar ta fara, domin ba da hanci ake yanke wa inji hukunci ba. Akwai agogon gwajin kwampireshan, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda, da ake ɗaurawa a ramin fulogi, silinda bayan silinda. A injin 1ZZ, abin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba shi ne wajen 145 a ma'aunin psi, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 15. Idan wata ta yi ƙasa, sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa: in lambar ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, a nemi laifin a bawul ko gaskit. Hayaƙin da ke fita da safe kawai ya ɗauke, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe, kuma ana canza su ba tare da an sauke inji ba. Gaskiya ne injinan 1ZZ na farko-farko sun yi suna da shan mai saboda ramukan da mai ke komawa ta jikin fistin kan toshe, don haka zancen ringi ba ƙarya ba ce a kowane lokaci. Amma sai an gwada ake sani, shi kuwa wannan ba ya son gwaji, domin gwaji na iya hana shi sauke injin.

Ranar farko ba za ka ga abin zargi ba. Zai zo da yaro ɗaya ko biyu, su kafa ƙarafa uku da sarƙa, su zare wayoyi da bututai, su ciro injin su ajiye a kan tsohuwar taya a tsakar gida. Zai buɗe tof, wato kan injin da ke rufe silindoji, ya nuna maka baƙin da ya daskare a kan fistin, wanda kowane tsohon inji yana da shi, ya ce ka gani da idonka. Kai kuma hankalinka ya kwanta, har ka sa a kawo musu abinci.

Washegari ne zancen ke canzawa. "Alhaji, karanshaf sai an kai wurin masu yanka. Bulok ma sai an auna shi a injiniyarin, tof kuma a goge fuskarsa." Abin da ya sa wannan magana ke wucewa shi ne gaskiya ce. Babu wanda ke yanka karanshaf, wato rage kaurinsa da na'ura, a tsakar gida, ko a Turai masu gyaran inji a garejin gidansu sukan kai waɗannan wurin masu injin yanka. Sai dai daga lokacin da aka loda bulok, wato uwar jikin injin, da karanshaf da tof a bayan a-daidaita-sahu, alkawarin "a gabanka" ya ƙare, kuma zuciyar motarka ta bar gidan tare da kuɗin kayan gyara da ka tura masa. Abin da ya rage a tsakar gida gangar jiki ce da kwanon notuna.

Wasunsu daga nan ba a sake ganinsu, waya a kashe, shafin a goge. Waɗannan ma da sauƙi, don ka san abin da ya same ka. Masu wayon su ne masu dawowa. Na ɗan'uwan namu ya dawo da inji a wanke tas da fetur, har da fenti a murfin sama, ya haɗa, ya ɗora, motar ta tashi lafiya lau ba hayaƙi ba ƙara. Ya karɓi cikon kuɗinsa, ya bar wasiyya: kada a wuce gudun 60, kada a kunna esi, kada a yi doguwar tafiya, injin sabo ne sai ya zauna. Lallaɓa injin da aka yi wa obahol abu ne da ake yi, amma a wurinsa hanya ce ta sayen lokaci. Da ƙarar ta fito, amsarsa a shirye take: "Ai na gaya maka ka lallaɓa ta, Alhaji. Wa ya ja ta?"

Da wani bakanike na gareji ya buɗe injin a gaban shaidu, abin da aka tarar ya isa. Ringin tsoho ne, an kankare shi an mayar. Karanshaf ɗin ba na motar ba ne: nata ba a taɓa yanka shi ba, wanda aka tarar kuwa an riga an yanka shi har ya kai ma'auni na biyu, wato an rage milimita 0.50, kuma an haɗa shi da metal da ba awonsa ba. Gam aka lafta a wuraren da ya kamata a sa sabon gaskit, har ya tsinke ya fara toshe rariyar famfon mai. An cire tamostat, mai daidaita zafin inji, don kada allurar zafi ta tashi da wuri. Man da aka zuba mai kauri ne ƙwarai, an ƙara masa maganin da ke daɗa masa kauri, alhali 5W-30 kamfanin Toyota ya rubuta wa wannan inji. Kaurin man ne ya danne ƙarar metal da hayaƙin na ɗan lokaci. Jar fitilar mai ta dashbod ma an kashe ta, saboda haka ko matsin mai ya faɗi ba abin da zai nuna.

Takardar lissafin da ya rubuta ita ce ta fi ba ni haushi, har da kuɗin "taimin bel" a ciki. Injin 1ZZ ba shi da bel na taimin, sarƙa gare shi. Golf 3 ce mai bel. Ya dogara ne da cewa mai mota ba zai sani ba, kuma bai sani ba ɗin.

Akwai wani haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Lambar inji a jikin bulok aka buga ta, kuma tana cikin takardun motarka. Idan aka musanya maka bulok ba ka sani ba, kana yawo da lambar da ba ta dace da takardunka ba, kuma ba ka san daga wace mota aka ciro shi ba. Ranar da 'yan sanda ko jami'an binciken motoci na VIO suka duba, kai za ka yi bayani, ba shi ba.

Ban ce duk bakaniken da ke zuwa gida ɓarawo ba ne. Akwai masu amana da ke yin haka, kuma injin ƙaramar mota ana iya haɗa shi a gida ya yi kyau idan akwai tsabta da kayan awo. Kayan awon su ne abin dubawa. Mai aikin gaskiya yana da maikuromita da zai auna karanshaf ya gaya maka ko yana buƙatar yanka ko a'a. Yana da sifanar awon ɗauri, domin notunan tof guda goma na 1ZZ bi da bi ake ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, zuwa awo 49 na Nm, sannan a ƙara wa kowanne kwatan juyi. Wanda ya zo da dogon bututu ya zura a sifana yana dannawa da ƙarfin ƙirji, a kan bulok na alminiyom, ko ba ɓarawo ba ne zai lalata maka inji. Kuma ƙurar tsakar gida ba ta jituwa da buɗaɗɗen inji, balle lokacin hunturu. In ka ga an baje fistin da metal a ƙasa ba leda ba rufi, ka tsayar da aikin.

In har ka yanke shawarar yi a gida, to ka fara sanin garejin da mutumin yake zama, ka je ka gan shi a can, ka tambayi maƙwabtansa. Yawancin garejoji suna ƙarƙashin ƙungiyar bakanikai ta NATA, kuma shugabanninta na reshe sukan shiga tsakani idan aka samu saɓani. Wanda ba shi da rumfa ba shi da shugaba, lambar waya kawai gare shi, ba inda za ka kai ƙararsa. Ka ɗauki hoton lambar inji kafin a taɓa komai. Ka sa a buga wata alama taka da ƙusa da guduma a gefen bulok da tof da karanshaf, inda ba ta taɓa wurin aiki, ka ɗauki hotonta. Ranar kai kaya wurin yanka, ka bi su da ƙafarka ko ka tura wanda ka yarda da shi, ka biya mai yankan hannu da hannu. Ringi da metal da gaskit kai za ka saya, ka buɗe kwalinsu ranar haɗawa, tsofaffin kuma a ajiye maka su kafin a rufe injin. Man da za a zuba a buɗe galan ɗinsa a gabanka. Kafin a tayar da motar, ka murɗa makulli ka tabbata jar fitilar mai da ta inji sun kama, sannan sun mutu bayan ta tashi. Kuɗin aiki kashi-kashi ake biya, kaso mai tsoka ya jira sai motar ta yi yawo an sake gwada kwampireshan. Idan ya ba ka lambar asusu da sunan wani daban, ko ya ce ka tura wa mai POS, kada ka tura.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, ya daina tayar da motar, don kowane tashi ƙara cin karanshaf yake yi. Ya nemi wani bakanike ya buɗe injin a gaban shaidu ana ɗaukar bidiyo, ya adana rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp da hoton tallar kafin a goge ta, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Zamba da cin amana laifuka ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewa, ba rigimar ciniki ba ce da za a ce ku je ku sasanta. Don Allah a tura wa masu motocin haya da 'yan'uwa mata masu mota, su ma ana yawan kai musu wannan tayin.