UPS ɗin da na saya a Gadarif: yana shiri da wutar gwamnati, ba ya ga maciji da janareta

Duk wanda zai sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, a garin nan na Gadarif da ke Sudan, kafin ya tambayi minti nawa yake riƙewa, ya fara tambaya ko yana karɓar wutar janareta. Kuma kada ya tsaya ga rantsuwar mai shago, a jona a gabansa ya gani da idonsa. Nawa mai 1000VA ne, baƙin nan mai ɗan allo a goshi da ya cika shagunan kayan wuta na babbar kasuwa. Kun san shi, kun san kuɗinsa. Ba zan kama sunan kamfanin ko na mai shagon ba, amma shi ya san kansa.

Kwamfutar tebur nake amfani da ita a gida, ita nake riƙe wa kawuna lissafin riɗi da dawa: buhu nawa ya shiga sito, wa ya biya ta Bankak, manhajar banki ta waya, wa ya ce sai bayan kasuwa. Da na je saye, mai shagon ya dafa kwalin ya ce mini awa guda cur zai riƙe. Na tambaye shi maganar janareta, saboda layinmu akwai na maƙwabci da muke ja idan an ɗauke. Ya ce, "Malam, ko da wutar keke ce zai karɓa." Da wannan maganar na biya.

Maganar awa guda tun a ranar farko ta watse. Lambar 1000 da aka buga ɓaro-ɓaro a gaban kwali VA ce, ba wat ba, alhali wat ne ainihin ma'aunin kayan da zai iya ɗauka. Sai ka juya baya za ka ga an rubuta 600W da ƙananan baƙaƙe. A ciki batura 2 ne, kowanne 12V 7Ah. Kwamfutata da allonta da na'urar intanet, gaba ɗaya yana riƙe su kamar minti 15. Wannan bai ɓata mini rai sosai ba, don minti 15 ya isa mutum ya adana aiki ya kashe kwamfuta cikin mutunci, kuma aikin UPS ke nan. Wanda yake neman abin da zai kwana da shi sola da inbata yake nema. Mun gani a watan Janairun 2025 da aka kai hari tashar wuta ta Shawak, Gadarif da Kassala da Sennar duk suka shiga duhu. Irin wannan babu UPS ɗin da zai yi maka maganinsa.

Abin da ya ƙona mini rai ya faru ne lokacin kakar riɗi. Bayan isha'i kawu ya zo da wasu mutum biyu da suka yi lodi, ana so a rufe lissafi a daren saboda motarsu za ta kama hanyar Port Sudan da asuba. An shimfiɗa musu tabarma, an kawo shayi, ni ina kan kujera ina shigar da nauyin buhuna. Sai aka ɗauke wuta. UPS ya yi ƙara ɗaya ya karɓa, allon ko ƙyaftawa bai yi ba. Har na juya na dubi kawu, don tun farko cewa ya yi asarar kuɗi ce. Ba a jima ba maƙwabci ya tayar da janareta, yaro ya juya layi, ƙwai ya kama, fanka ta ɗauka. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga ƙarƙashin tebur. Ya karɓi wutar, ya sake ta, ya koma batir, ya sake karɓa. Lambobin da ke ɗan allonsa suna ta rawa. Wuta ga ta a ɗaki, kowa yana ganin fuskar kowa, amma shi gogan batirinsa yake ci. Ina tsakiyar adana fayil ɗin a faifan waje sai ya yi wani dogon kuka, komai ya mutu. A lissafina ko minti 10 bai cika ba, don da rana ma an yi ta wasa da wutar, bai samu ya cika caji ba, kuma irinsu sai sun yi awa 6 zuwa 8 a jone kafin su cika.

Na zare kwamfutar na jona ta kai tsaye a bango, ta tashi lafiya lau a kan wannan janaretan da shi ya raina. Fayil ɗin faifan waje ya ƙi buɗewa, na cikin kwamfuta kuma ya dawo babu shigarwar daren. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai ya sa a aljihun jallabiya ya zaro tsohon littafinsa mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya buɗe, ya ce, "Ɗana, karanto mini daga farko. Wannan ba a ɗauke masa wuta." Baƙin nan suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware da shayi. Sai wajen ƙarfe ɗaya muka tashi.

Washegari na kai wa wani mai gyara da na yarda da shi. Ya ce babu abin da ya lalace, halinsa ne. Wutar ƙasar nan 230V ce a kan 50Hz, wato tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuma ƙaramin janareta idan kaya suka hau suka sauka, injin yana gudu yana lafawa, lambar 50 ɗin ba ta tsayawa wuri ɗaya. UPS irin nawa yana ganin haka sai ya ɗauka gurɓatacciyar wuta ce, ya gudu kan batir. Wasu ana iya rage musu wannan tsantsenin ta maɓalli ko ta manhaja. Nawa sai ta manhaja da wayar USB, wayar kuma babu ita a kwalin. Na koma wa mai shago, sai ya ce ai janaretan ne ba shi da kyau. Na ce, "Alhaji, ba kai ka ce ko wutar keke ba?" Ya yi murmushi ya juya wajen wani mai saye. Wanda ba ruwansa da wannan matsala shi ne irin da kullum yake mayar da wutar da ta shigo ta zama irin ta batir, sannan ya sake haɗa sabuwa mai tsabta ya ba kwamfuta. Da na ji kuɗinsa na yi shiru.

To amma a yi adalci. A kan wutar gwamnati abin nan gwani ne, kuma ni shaida ne. Da magariba idan kowa ya kunna kayansa, wutar unguwarmu tana faɗuwa har ka ga fanka tana juyawa da ƙyar. Ɗan allon yakan nuna 180 tana shigowa, wani lokaci ƙasa da haka, shi kuma ya ɗaga ta ya ba kwamfuta ba tare da ya taɓa batir ba. Kafin na saye shi wannan faɗuwa da tashi ta cinye mini akwatin wutar kwamfuta. Tun da ya zo ban sake canza komai ba. Da damina kuma, lokacin da iska take haɗa wayoyi wuta ta yi ta ƙyafta ido, shi ke tare mini. Don wannan kaɗai na so na ce kuɗina ya fita.

Na so, na ce. Sai ga maganar batir. Bayan zafin Afrilu da Mayu minti 15 ya koma minti 3. Mai gyara ya kwance bayansa, baturan nan sun kumbura kamar gurasa, da ƙyar ya zaro su. Zafi yana da nasa laifin, ban musa ba: irin wannan batir an yi shi ne don yanayin digiri 25, a nan ne yake kai shekara 3 zuwa 5, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Mu kuwa a nan digiri 40 ba labari ba ne. Amma da ya goge ƙurar ya nuna mini tambarin ranar da aka ƙera su, sun girmi rasiɗina da fiye da shekara. Ke nan a sito suka yi ta zama babu caji, alhali irinsu ba a so su wuce wata 6 a ajiye ba a jona su ba. Sabon kwali aka sayar mini da tsohon batir a ciki, kuma da na ambaci garanti aka ce batir ba ya ciki.

Ga kuma kukan. Da zarar an ɗauke wuta cikin dare sai ya tashi gidan, uwargida ta ce ko ni ko shi. Maɓallin kashe ƙarar yana aiki, amma da an dawo da wuta an sake ɗaukewa ya manta. Firinta mai lesa kuwa kada ma ka kusanta da shi, jan wutarta lokacin da take ɗumama ya fi ƙarfinsa.

Na sa sababbin batura, na ɗaga shi daga ƙasa na ɗora kan benci inda iska take ratsawa, kuma yanzu da na ji janareta ya tashi nake adana aiki na kashe. Tauraro 2 na ba shi cikin 5. Wanda gidansa wutar gwamnati kaɗai yake sha ya ƙara masa ɗaya, amma ya sa a kwance bayan a shago ya karanta ranar batir kafin ya tura kuɗi.