Faifai a Cikin Saba ko Ma'ajiya ta Kebul: Wanne Ya Dace da Rumbun Bayananka?

Yawancin masu zuwa sayen ma'ajiya da tambayar girma suke farawa: terabayit nawa? Ga rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana bayanan kamfani a tsare, irin PostgreSQL ko MySQL, wannan tambaya daga baya take zuwa. Ta farko ita ce: idan an miƙa wa faifai rubutu, wane lokaci zai ɗauka kafin ya ce ya ajiye?

Ga dalili. Duk sanda mai karɓar kuɗi ya shigar da ciniki, rumbun ba zai amsa masa ba sai ya rubuta cinikin a kundin da PostgreSQL ke kira WAL, ya kuma jira tabbaci daga faifai. Rubutun ɗan mitsitsi ne, amma sau dubbai ake yinsa a yini, kuma kowanne da jiransa.

A nan faifan da ke jone kai tsaye da saba (kwamfutar da ke ɗauke da rumbun), wato DAS, ya yi wa NAS da SAN, ma'ajiyun da ake kaiwa gare su ta kebul, fintinkau. SSD, faifan da ba ya juyawa, mai amfani da hanyar haɗi mai sauri ta NVMe, yakan amsa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na milisakan. Wanda ke jone ta PCIe 4.0 yana kaiwa megabayit 7,000 a daƙiƙa, na tsohuwar hanyar haɗi ta SATA kuwa bai wuce 550 ba. Babu swic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, a tsakani, babu kebul da wani zai taka. Aibinsa dai shi ne idan sabar ta mutu, bayanan suna kulle a cikinta sai an gyara.

NAS, akwatin faifai da kwamfutoci ke kaiwa gare shi ta hanyar sadarwa, irin na Synology da QNAP, yana da daɗin sha'ani wajen adana fayiloli da raba su. Amma kebul na gigabit ɗaya bai cika wuce megabayit 115 a daƙiƙa ba, kuma kowane rubutu sai ya bi ta katin sadarwa, ya ratsa swic, ya shiga tsarin raba fayiloli na NFS ko SMB, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya. Na taɓa shiga wani kantin sayar da magunguna da suka ɗora rumbunsu a kan NAS. Da hantsi, layi ya kai bakin ƙofa, yarinyar da ke karɓar kuɗi tana danna maɓalli tana kallon allo, rasit ya ƙi fita, alhali akwatin ko rabi bai cika ba. Abin ya dame ni, don kuɗi mai yawa suka kashe da kyakkyawar niyya. Idan ƙaramin rumbun nan SQLite kake amfani da shi, kada ma ka fara ɗora shi a kan NAS. Masu shi da kansu sun yi gargaɗi cewa kulle fayil ta hanyar sadarwa ba abin dogaro ba ne, yana iya lalata bayanai.

SAN, wato ma'ajiya mai hanyar sadarwarta ta musamman, daban yake. Ta hanyar haɗi irin iSCSI ko Fibre Channel yake ba saba faifai kamar nata, kuma idan saba ɗaya ta faɗi wata ta ɗauka nan take. Banki da babban asibiti suna buƙatar haka. Sai dai ka shirya sayen swic biyu, kebul na gigabit 10 aƙalla, da albashin wanda ya iya kula da shi.

Ni dai ga matsakaicin kamfani, shawarata saba biyu masu NVMe, ɗaya tana kwafar ɗaya, sai NAS ya zama wurin ajiye kwafin dare. A haɗa faifan a RAID 10 ko RAID 1, tsarin da ke rubuta bayani a faifai biyu don kada a rasa shi, a guji RAID 5, domin ƙaramin rubutu ɗaya aiki huɗu yake jawo masa.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ba ƙarama ba ce. SSD na kwamfutar gida yana iya rasa abin da ke hannunsa idan NEPA ta ɗauke kafin janareta ya tashi. SSD na saba kuwa yakan zo da ƙananan kafasito masu riƙe ɗan wuta da ke ba shi damar ƙarasa rubutu. Ko da kana da UPS, ka sa mai kaya ya nuna maka haruffan PLP, alamar wannan kariya daga ɗaukewar wuta, a takardar bayanin faifan kafin ka biya.