The Lunchbox: fim ɗin Indiya da ba a taka rawa a cikinsa

Wanda ya saba da fim ɗin Indiya na rawa a kan dutse da dambe da 'yan daba, The Lunchbox zai gundure shi tun ba a je ko'ina ba. Ƙanina da ke karatu a Dutse ya tura mini shi a waya, muka kunna a majalisarmu nan wajen Ringim, wasu suka miƙe, wai har yanzu ba a fara fim ba. Ni kam ya kama ni.

Ritesh Batra ne ya ba da umarni, ya fito a 2013. A Mumbai akwai masu kwasar abincin rana daga gidaje zuwa ofisoshi a keke da jirgin ƙasa, an san su da rashin kuskure. To ranar nan sun yi. Ila, wadda Nimrat Kaur ta fito a matsayinta, mijinta ya daina ko kallonta, ta zage ta yi girki don ta jawo hankalinsa, kwanon ya faɗa hannun Saajan, wani ma'aikaci mai ɗaure fuska da matarsa ta rasu, yana dab da ritaya. Marigayi Irrfan Khan ke nan, wanda ya rasu a 2020. Kwano ya dawo a suɗe tas. Duk macen da ta taɓa aika abinci gona da damina ta san abin da hakan ke nufi.

Sai wasiƙu suka fara tafiya a cikin kwanon. Amsarsa ta farko: gishiri ya yi yawa. Ita kuma ta antaya masa barkono washegari. A nan na fi yin dariya, sai kuma wajen maƙwabciyar da ke saman bene, wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba, murya kawai da kwandon kayan yaji da take zurowa ta taga. Nawazuddin Siddiqui ma ya yi ƙoƙari a matsayin maraya mai naci, yana yanka kayan miya a jirgi a kan takardun ofis.

Inda ban gamsu ba, matar aure ce take rubuta wa baƙo sirrin gidanta. An sa mijin yana neman mata a waje don mu yi mata uzuri, kuma uzurin bai ishe ni ba. Amma ba a taɓa haɗa su a zaune ba. Ranar da suka yi alƙawari ya zo gidan abincin, ya hango ta daga nesa, ya ga tsufansa, ya fasa. Irrfan da ido kawai ya yi wannan wurin.

Kwafin da na samu babu fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa, kuma wasiƙun su ne rabin labarin. Wanda ba ya karantawa da sauri ya zauna kusa da mai fassara masa.