NELL da ChatGPT: duka sun karanta intanet, amma ba wuri ɗaya suka ajiye karatun ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko injin nan na wata jami'ar Amurka da aka ce yana koyon abubuwa da kansa daga intanet shi ne ChatGPT aka sake wa suna. A'a, hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Wanda kake nufi NELL ne, gajeren sunan Turanci da ke nufin injin koyon harshe mara tsayawa. Tom Mitchell da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon suka kunna shi a Janairun 2010. Sun ba shi rukunai kamar birni, kamfani, dabba da ɗan wasa, da 'yan misalai na kowanne, suka sake shi cikin ɗaruruwan miliyoyin shafuka. Idan ya lura "magajin garin" na yawan zuwa kafin sunayen biranen da ya sani, sai ya riƙe wannan alama. Duk sabon sunan da ya biyo bayanta ya rubuta shi a layin birane, ya sa masa makin yadda ya gamsu. Wato ya tara kundi, wanda a lokacin kana iya buɗewa ka karanta layi-layi.

ChatGPT, da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, ba shi da wannan kundin. An horar da shi ne ya canki kalmar da za ta biyo baya a rubutu mai tarin yawa, sai abin da ya karanta ya narke cikin biliyoyin lambobi. Ka tambaye shi babban birnin Faransa ya ce Faris, amma babu wani layi a cikinsa da za ka nuna da yatsa ka ce ga inda aka rubuta.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne ranar kuskure. NELL ya taɓa cin karo da "kukis na intanet", waɗannan 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka, ya zuba su a rukunin kayan gasawa irin su biskit, tunda a Turanci kukis ma sunan wani irin biskit ne. Daga nan kuma ɓarna ta haifi ɓarna: tunda ana goge kukis, ana goge fayil, to fayil ma abin gasawa ne! Abin dariya, amma fa an gani, mutane suka shiga suka gyara. Shi kuwa ChatGPT in ya ƙago maka shekara ko suna, da irin muryar da ya faɗi gaskiya zai faɗa, ko ƙifta ido babu, kuma ba makin gamsuwa a gefe.

Wajen hira ba a ma haɗa su. NELL ba ya rubuta wasiƙa, ba ya yi maka bayani.

Ni dai in ana maganar bin diddigi, tsarin kundi ya fi kwanta mini, irin wanda Wikidata, rumbun bayanan gidan Wikipedia, ke bi tun 2012, duk da cewa can mutane ne ke kula da shigarwar. Shi ya sa ma yanzu aka haɗa ChatGPT da injin bincike, yana liƙa adireshin shafin da ya ɗauko magana. In ya ba ka, danna ka duba ko abin da ya ce yana ciki.