Na shiga ramin jan karfe na Falun, hankalina na kan ramukan kuzarmu

Jama'a salamu alaikum. Satin nan na dawo Jos daga Suwidin wajen kanina dake karatu, shi ya nace sai mun je Falun, wani gari a can mai tsohon ramin hakar jan karfe, nace haba kai kuwa, wanda ya tashi a Bukuru garin hakar kuza za ka nuna wa rami? Ashe da sauran kallo.

Tun a bakin kofa za a baka hular kwano da rigar ruwa, sai mai rakiya ya sauka da ku ta matakala har mita 67 karkashin kasa, ruwa na diga ta ko'ina ga sanyi wajen digiri 5, wlh hunturun Jos wasan yara ne. Mai ciwon gwiwa ya yi shawara tukuna, kuma kar ka sa takalmin sallah don jan tabo ne.

Amma kudina sun biya. Mai rakiyar ya nuna mana yadda mutanen da suke cinna wuta a jikin dutse ta kwana tana ci, da safe ya tsattsage su bi shi da guduma, an yi daruruwan shekaru ana hako jan karfe a nan sai 1992 aka rufe, a karni na 17 ma kusan kashi biyu cikin uku na jan karfen Turai daga nan yake fitowa. Katon ramin dake waje kuwa ruftawa ce ta 1687, Allah da ikonsa ranar hutu ce, ba a rasa rai ko daya ba.

Labarin Mats ne ya tsaya min a rai. Lebura ne da ya bata a ramin a 1677, sai 1719 aka tsinci gawarsa bata rube ba saboda ruwan ma'adinin, aka rasa mai shi, sai ga wata tsohuwa ta zo tace ai saurayinta ne. Shekara 42 fa! Nan idona ya kawo ruwa.

UNESCO ta sa wajen cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ni kuwa ina fitowa kakana na tuna, ya kare karfinsa a hakar kuza a Barkin Ladi, yau ruwa ya cika ramin muna hana yara zuwa kusa, ko allo babu da zai ce ga wadanda suka haka shi.