Wata takwas ina rabon hotunan biki babu laftof: sharhina kan kad-rida da filash mai baki biyu

Sana'ata ɗaukar hoton biki a Kano, kuma laftof ɗina ta mutu ana saura mako uku azumi, daidai lokacin da kowa ke gaggawar aurar da 'yarsa kafin wata ya kama. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya faɗi kuɗin da ya sa na naɗe abata na saka a jaka. Ina fitowa daga kasuwar waya wani yaro mai tebur ya ji ina ƙorafi a waya, ya ce, "Oga, ai ba sai da laftof ba." Ya miƙo min abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na saya ne don kunya kawai. Yau wata takwas ke nan da shi nake cin abinci.

Abu biyu ne. Na farko kad-rida ce, wato abin karanta memori, mai baki uku: bakin Type-C, da ƙaramin baki irin na tsofaffin wayoyin Android, da babban bakin USB. A gefenta akwai rami biyu, ɗaya na babban memorin kyamara, ɗaya na ƙaramin memorin waya. Na biyu filash ne mai gig 64, kai ɗaya na shiga waya, ɗayan na shiga kwamfuta ko talabijin. Dukkansu suna aiki ne da abin da ake kira OTG. A da, idan aka haɗa waya da kwamfuta, kwamfutar ce mai masauki, waya baƙuwa. OTG shi ke ba waya damar zama mai masaukin, ta ba filash wuta daga batirinta, ta karanta abin da ke cikinsa. Tun 2001 aka fitar da wannan tsari, ni kuwa sai da laftof ta juya min baya na san amfaninsa.

Inda na fara ganin darajarsu wani biki ne a ƙauye, gaba da Ɗambatta. Babu wuta, sabis kuma sai ka hau tudun bayan makaranta. Bayan an gama kamu, yayar uwar amarya ta tare ni a zaure, ta ce, "Mai hoto, wai sai ka koma Kano? Ni fa da asuba zan kama hanyar Damagaram." Na ce, "Hajiya, kawo wayarki." Na zare memorin kyamara, na sa a kad-rida, na soka a wayarta. Sai ga wani rubutu na Turanci ya fito yana tambaya ko a yi wa memorin fomatin, ita kuma yatsanta ya riga ya nufi wurin da ke haske. Ban san lokacin da na fizge wayar daga hannun dattijuwa ba. Da ta danna, da hotunan yini biyu sun tafi. Na yi ta ba ta haƙuri, tana dariya tana cewa 'yan birni ba su da ta ido.

Daga ranar na sauya tsari. Memorin kyamara ba ya shiga wayar kowa sai tawa. Daga wayata nake zaɓar hotunan da suka yi kyau in zuba a filash, filash ɗin ne ke yawo hannu-hannu. A daren nan mata bakwai suka kwashi hotunansu muna zaune kan tabarma, da hasken tocila, ba a ƙona datar ko sisi ba.

Wani zai ce ai ga Xender, ga Bluetooth, ga WhatsApp. Duk ina amfani da su. Amma kyamarata ba ta san Xender ba, dole sai hoto ya fara fita daga cikinta. Bluetooth kuwa ya isa tura waƙa ɗaya ko biyu, ba hoto ɗari uku ba. WhatsApp yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, kuma ba a ganewa a fuskar waya, sai ranar da amarya ta kai a wanke mata babba na rataya a falo, ta ga lallen hannunta ya dame. Da filash, yadda kyamara ta ɗauka haka yake isa.

Batun sauri, kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. An rubuta USB 3.0 a jikin nawa, amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, ko da bakinsu Type-C ne, a ciki USB 2.0 ne, kuma filash ba ya wuce gudun wayar da aka soka shi. A wurina kwaso gig huɗu daga memori zuwa waya kan ɗauki kamar minti uku. Zubawa a filash ya fi haka jinkiri, musamman idan ƙananan hotuna ne masu yawa. Ana iya jira, a sha ruwa a gaisa.

Abin da ya fi ɗaure min kai a farko shi ne ranar da abokin aikina mai bidiyo ya ba ni fim ɗin dina da ya haɗa, gig shida. Filash yana nuna akwai sarari fiye da gig 40, amma fayil ya ƙi shiga. Na ɗauka ya lalace. Ashe tsarin da ya zo da shi ne, wanda ake kira FAT32, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gig 4, komai yawan sararin da ya rage. Maganin shi ne a mayar da shi exFAT, irin tsarin da memorin kyamara masu sama da gig 32 ke zuwa da shi. Abin dariyar, sai da na je wurin mai kafe ya yi min da kwamfutarsa. Sai dai wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane exFAT, kuma ina jin abin da ya faru da wayar Hajiyar Damagaram ke nan.

Na kuma ci ƙaniyata da araha. A wata tashar mota na sayi filash na biyu a hannun mai talla, an rubuta gig 256, kuɗinsa bai kai rabin na mai 64 ɗina ba. Da ma an ce araha ba ta ado. Na zuba masa hotunan suna na wani bawan Allah, komai ya nuna ya shiga, sunayen fayil duk ga su a jere. Kwana biyu mutumin ya dawo rai a ɓace: na farko-farko suna buɗewa, sauran babu komai. Irin waɗannan na jabu ƙaramin memori ne a ciki, aka sa shi ya riƙa faɗin ƙaryar girmansa, da zarar ainihin cikinsa ya cika sai abin da aka ƙara ya bi iska. Allah ya taimake ni kwafa na yi, ban kwashe ba, asalin hotunan na nan a memorin kyamara. Yanzu duk sabon filash sai na cika shi taf da bidiyo, in buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kafin in yarda in ɗora masa amanar wani.

Ƙawayen amarya masu iPhone su ma kashi biyu ne. Daga iPhone 15 da ta fito a 2023 zuwa sama bakin Type-C ne, filash na shiga kai tsaye, a buɗe shi ta manhajar Files. Masu na ƙasa da haka bakinsu daban ne, sai da wani ɗan mahaɗi na musamman, wanda ban saya ba tukuna. Su dai sukan karɓa daga wayar ƙawa.

Sauran ƙananan abubuwa ne da mutum ke koya da hannunsa. Wasu wayoyi, irin Oppo da Realme, sai ka shiga saiti ka kunna OTG, kuma yana kashe kansa idan aka yi minti goma ba a yi amfani da shi ba, don haka kada ka yi saurin cewa filash ya mutu. Rigar waya mai kauri tana hana bakin shiga sosai, sai an tuɓe ta. Filash mai jikin ƙarfe yana zafi, a watan Afrilu na Kano har sai ka saki. Yana kuma shan batir, ga shi ya toshe wurin caji, saboda haka nake cika wayata da fawa-bank kafin in fara rabo. Na gwada haɗa babban had-dis ɗina na ajiyar hotuna da waya, sai ƙaf-ƙaf yake yi bai tashi ba, wutar waya ba ta ishe shi ba. Kuma kafin a zare, a danna wurin cirewa a jira, kada a fizge ana cikin turawa.

Gyaran hoto na gaske, irin na albam, har gobe yana buƙatar laftof, kuma ina nan ina zubin adashi saboda ita. Amma ko ta zo, kad-ridar nan ba za ta bar jakata ba. Matsalarta ɗaya ƙanƙanta: sau biyu tana ɓacewa a cikin tarkacen jaka, sau ɗaya kuma wani yaro ya tsince ta a ƙarƙashin kujerar amarya yana shirin sa ta a baki. Yanzu na ɗaure ta da jan zare a jikin igiyar kyamara, na kuma sayi ta biyu na ajiye a aljihun gaban babur. Asabar mai zuwa ina da kamu a Kazaure, an ce can ma unguwar sabis ɗinta sai a hankali.