Man sanfulawa ko gasasshen dankalin turawa: wanne ya cancanci kuɗin cefanenki?

Tun da aka fara yayata cewa man sanfulawa, wanda ake tatsa daga 'ya'yan furen sanfulawa, shi ne man masu kula da lafiya, wasu matan har rage cefane suke yi don su sayi kwalba ɗaya. Kafin ki bi sahu, 'yar'uwa, ki san abin da kowanne yake ƙarar jiki da shi.

Man sanfulawa mai ne zalla. A giram 100 akwai kalori kusan 884, babu furotin, babu abin da zai riƙe ciki. Babban abin yabonsa bitamin E ne. Ga tsada, don Yukiren da Rasha ne manyan masu samar da shi, kuma da yaƙinsu ya ɓarke a 2022 farashinsa ya haura.

Dankalin turawa kuwa abinci ne sosai. Giram 100 na gasasshe da ɓawonsa bai wuce kalori 93 ba, maiƙonsa kusan babu, amma yana da sitaci, da ɗan furotin, da bitamin C da B6. Sinadarin potasiyam ɗinsa ya haura miligiram 500, ya ma fi na ayaba yawa, kuma shi ne ke taimakawa wajen daidaita hawan jini. Ga shi daga maƙwabta yake zuwa mana, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Filato, ki same shi sabo a Kaduna, a kasuwar Bakin Dogo ko ta Kawo ranar Talata. Ba sai kina da obin ba. Ki wanke shi tas, ki soke shi da cokali mai yatsu, ki jera a tukunyar da kika zuba wa yashi a ƙasa kamar za ki gasa kek, ki rufe a kan garwashi. Idan wuƙa ta shige ba gardama ya nuna. Ki tsaga shi yana tururi, ki barbaɗa yajin ƙuli. Don Allah kada ki fere, ɓawon nan yana sauƙaƙa bahaya. Mai ciwon suga dai ya ci kaɗan tare da ganye da wake, mai ciwon ƙoda kuma ya fara tambayar likita.

Inda abin ya fi ɓata min rai shi ne algus. Na taɓa sayen babbar kwalba a wani shago, da hoton fure rangaɗau a jiki, da kuɗin da zai ishe ni dankalin wata guda. Sanyin hunturu na shigowa man ya yi barci, ya daskare fari a gindin kwalbar. Sanfulawa na gaskiya ba ya daskarewa haka ko a firij. An gauraya shi ne da man kwakwar manja da aka tace. Saboda haka ki juya kwalba ki karanta abin da aka haɗa a ciki, kada hoton gaba ya ruɗe ki. Ki duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa ko an kankare an sake bugawa, da alamar ido mai nuna an ƙara bitamin A. Ki murɗa murfin a gaban mai shago, in bai yi ƙarar ɓallewa ba an taɓa buɗe shi. Wanda ake aunawa daga jarka a ce miki sanfulawa ne, ki wuce kawai.

Masu dankali ma suna da nasu: manya a saman bokiti, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Ki ce, “Malam, juye min in gani.” Duk wanda ya yi kore ko ya fara tsiro ki cire shi, koren nan alamar guba ce mai murɗa ciki, kuma gashi ba ya kashe ta.